Kyanwata ta daina yarda da ni tun ranar da na kai ta asibiti

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, don abin ya tsaya min a rai. Ina da kyanwa, Zabuwa muke ce mata saboda ɗige-ɗigen jikinta, shekararta 2 a gidanmu. Kwanakin baya ta daina cin abinci, idonta yana ta ruwa, na ce a kai ta asibitin dabbobi. Kamun kaɗai ya ci mana kusan awa guda. Yara suka yi ta bin ta daga ƙarƙashin gado zuwa bayan firij, ƙarshe yaron maƙwabta ya cafke ta a wuya ya cusa a buhun shinkafa, muka ɗaure baki muka hau a daidaita sahu. Tun daga ƙofar gida har asibiti kuka take irin wanda ban taɓa ji ba, sai ka ce jariri. Ta yi fitsari a buhun har ya jiƙa min hijabi. Da muka isa aka ce mu jira a benci, ga wani ƙaton kare a gefe yana ta shinshinar buhun. Ana kwancewa ta yi tsalle ta yakushi yaron asibitin da ke riƙewa, ni ma ta karce ni a hannu. An yi mata allura, ta warke alhamdulillah. Amma yau kwana 20 ke nan, ina miƙa hannu sai ta ruga. Mage da a ƙafata take kwana! Kuma an ce in mayar da ita rigakafi nan da sati 2. Wallahi tunanin ranar kawai gabana faɗuwa yake. Masu kyanwa, ya kuke yi?

Sadiku Mai Tattabara: Wa alaikumus salam Anti. Ni dai tun daga buhun nan na san inda labarin zai ƙare. Ko ni aka cusa a buhu aka ɗora a daidaita sahu, ana kwancewa wanda na fara gani shi zan yakusa.

Baba Na-Fagge: Ikon Allah. Mutane na neman kuɗin ganin likita ba su samu ba, mu kuma a nan muna taron yadda za a lallaɓa mage. A zamaninmu mage in ta yi ciwo ciyawa take ci ta warke, in kwana ya ƙare shi ke nan.

Maman Iman: Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka ce akwai wahala a gari. Amma ni na ɗauko ta na ajiye, ba ita ta kawo kanta ba. Haƙƙinta a wuyana yake.

Malama Asabe: Baba ai ka fi mu sanin hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Shi kansa Abu Huraira daga 'yar mage ya samo laƙabin. Tausayin dabba ba ya rage wa mutum rabonsa.

Baba Na-Fagge: To Malama, kin ɗaure ni da jijiyata. Na yi shiru, amma ina nan ina karantawa.

Dakta Bilki: Sannu Maman Iman. Kafin maganar Zabuwa, maganar hannunki tukuna. Da ta karce ki, kin wanke wurin? An taɓa yi mata rigakafin haukan kare? Kyanwa ma tana ɗaukarsa, sunan ne kawai ya tsaya a kan kare. Ƙa'idar ita ce duk cizo ko yakushin da ya fasa fata a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a je asibitin mutane su duba ko ana bukatar allura.

Maman Iman: Na wanke Dakta, a can ma suka sa ni. Bara an yi mata rigakafin, katin yana nan, shi ne yanzu lokacin sabuntawa ya zagayo.

Dakta Bilki: Madalla, hankalina ya kwanta. To ga abin da nake gani kullum a wurin aiki. Mutane suna ɗauka allura ce ke firgita dabba. Allurar daƙiƙa nawa ce? Yawancin kyanwoyin da ake kawo min, kafin su iso teburina an riga an gama da su tun a gida. An kore su, an danne su, an rufe su a duhu ba iska, an jijjiga su a hanya, sannan an ajiye su a gaban kare. Ni ragowar tsoro kawai ake miƙo min.

Kuma ba tausayi ne kaɗai ya sa nake damuwa ba, aikina ma yana lalacewa. Zafin jikin kyanwa mai lafiya daga 38 ne zuwa wajen 39 da ɗan ɗoriya. Tsoro da zafin hanya kaɗai sun isa su ɗaga shi, sai in rasa gane zazzaɓi ne ko firgici. Bugun zuciya ya hau, sukarin jini ma yakan hau a kyanwa in ta firgita, har gwaji ya nuna kamar mai ciwon suga alhali lafiyarta ƙalau. Wadda ta zo tana ɗingishi kuwa in ta tsorata sai ta ƙanƙame jiki ta ɓoye ciwon, in yi ta laluba ban ga komai ba.

Ki bar buhu har abada. Ki nemi keji, in ya yi tsada ki sayi kwandon roba mai murfi, irin wanda ake zuba kayan jarirai, mai huji-huji ta ko'ina. Ni na ma fi son sa, don ta sama ake buɗe shi, sau da yawa a cikinsa nake duba kyanwa in yi mata allura ba tare da na zazzago ta ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan za ki ajiye shi a ɗakin da take kwana, murfi a buɗe, ki shimfiɗa tsohon zaninki wanda ba a wanke ba. Kada kowa ya saka ta. Ki riƙa ajiye ɗan busasshen kifi a kusa, gobe a bakinsa, jibi a ciki. Sati 2 ya isa ta mayar da shi gadonta.

Sadiku Mai Tattabara: Dakta zanin da ba a wanke ba kuma? Ba datti ke nan ba?

Dakta Bilki: Ƙanshin gida ake nema Sadiku. Kyanwa da hanci take gane inda take da aminci. Ka ga yadda take goga kumatunta a ƙafar kujera da ƙafarka? Alama take sakawa, wani sinadari ne daga fuskarta mai ce mata nan gida ne. Har akwai na kwalba da ake fesawa a keji, Feliway, an kwaikwayi wannan sinadarin ne. Yana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, tsohon zani kuwa kyauta ne.

Isa Mai Riƙo: Salam. Ni ne irin yaron da Zabuwa ta yakusa, shekarata 9 ina riƙe dabbobi a asibiti. In na naɗe hannun riga za ku ɗauka tsagar gado ce. Duk abin da Dakta ta faɗa haka yake, amma bari in ƙara daga ɓangarenmu. Mai dabba shi ne rabin matsalar. Za ka ga Hajiya ta tsaya a kanmu tana "wayyo za ku kashe min ita, a hankali, wayyo Allah", muryarta tana rawa. Dabbar tana jin haka sai ta ce lallai yau yanka ne. Wani kuma namiji, karensa na ɗan gurnani sai ya kai masa duka wai kada ya kunyata shi a gaban mutane. Ka daki mai jin tsoro, me kake jira?

Amma maganar kama wuya da ake zargi, ni ban ga laifinsa ba. Uwarsu ma da wuya take ɗaukarsu. Ina damƙa sai ta yi laƙwas, a yi allura a wuce wurin.

Dakta Bilki: Malam Isa, a nan kam mun rabu. 'Yar jaririyar kyanwa ce ke sakin jiki in uwar ta ɗauke ta a wuya, kuma tana girma abin yake gushewa. Babba in ka damƙe ta ta yi shiru, ba natsuwa ba ce, sandarewa ce don tsoro. Yau za ka ci nasara, zuwa na gaba tun daga bakin ƙofa za ta fara faɗa. Tawul ya fi. Ka lulluɓe ta har kai, ka naɗe ta kamar jariri, ka fito da wurin da za a yi allurar kawai. Da yawansu in ba sa ganin komai sai su lafa.

Isa Mai Riƙo: Ranki ya daɗe na sani, ina yi in da sarari. Amma ranar da mutum 30 ke layi, ga mai akuya tana naƙuda, ga mai kaji sun fara mutuwa, wa zai ba ni minti 10 in lallashi mage? Kuma in ta kuɓuce hannuna ne ke jini, ba na mai littafi ba.

Dakta Bilki: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Akwai ranar da ni ma nake cewa a riƙe kawai. Sai dai na lura minti 3 na tawul ya fi min sauƙi a kan minti 20 na farautar kyanwa a bayan kabad ɗin magani.

Isa Mai Riƙo: Wannan farautar kam na sha ta. Amma ban sauka daga maganata duka ba.

Ummi a Leeds: Anti Maman Iman sannu da fama. Nan Ingila asibitin da nake kai tawa an raba wurin jira, karnuka gefe guda, kyanwoyi gefe guda, har da 'yar kanta da ake ɗora keji a kai don kada a ajiye shi a ƙasa, da tawul na rufewa. Akwai ma shaidar da ƙungiyar International Cat Care ke bai wa asibitin da ya cika irin waɗannan sharuɗɗa. A Amurka kuma wani likitan dabbobi, Marty Becker, ya kafa shirin Fear Free a 2016, ana horar da ma'aikata kan rage wa dabba tsoro. Abin da ya ba ni mamaki, yawancin dabarun ba na kuɗi ba ne.

Baba Na-Fagge: 'Yata, mu nan benci ɗaya ne, da mai rago da mai kare da mai aku duk a kai. Kanta kuma sai ta mai shago.

Ummi a Leeds: Baba ai cinya ma kanta ce. Ta ɗora kwandon a cinyarta ta rufe da mayafi, kada dai ya taɓa ƙasa inda hancin kare zai kai. Ko ta karɓi lamba ta koma inuwa a waje, a kira ta in layi ya zo.

Malama Asabe: Ni ma abin da ke hana ni zuwa ke nan, karnukan nan. Kare ya goga min jiki ga tufafin salla.

Sadiku Mai Tattabara: Malama ai a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi haƙuri, kada mu buɗe wannan babin, yana da zaurensa da malamansa. Mu koma kan Zabuwa.

Yakubu na Jos: Bari mai kare ya sa baki tunda ana ta ambatonmu. Ina da biyu na gadi. Na farkon ban san komai ba lokacin da na same shi, ba ya shiga mota sai ranar allura, don haka yana ganin na buɗe ƙofar baya sai ya maƙale a ƙarƙashin tankin ruwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu uku muke jan sa.

Na biyun tun yana ɗan kwikwiyo na canza salo. Kullum da yamma in na zauna sai in kama ƙafarsa in duba tsakanin yatsu, in ɗaga kunne, in buɗe baki in ga haƙora, in ba shi ɗan nama. Takunkumi ma da wasa ya koya, ina saka tsoka a ciki shi da kansa yake cusa hanci. Na riƙa ɗaukarsa a mota zuwa wurin da ba komai, mu zaga mu dawo. Sau biyu na kai shi asibiti ba don ciwo ba, aka ɗora shi a sikeli, ma'aikacin ya shafa shi, muka tafi. Yanzu ana yi masa allura yana kaɗa wutsiya. Rigakafin farko na 'yan kwikwiyo daga sati 6 zuwa 8 ake farawa, na haukan kare a wata 3, to a wannan ƙuruciyar duk abin da ya saba da shi ya zauna ke nan.

Abu ɗaya da zan roƙi kowa: kada a saka dabba a but ɗin mota. Wani maƙwabcinmu lokacin muna Kaduna ya rufe karensa a but da azahar a watan Afrilu, ya tsaya shan mai a layi. Ko da ya isa asibiti aka buɗe, sai gawa. Rigakafi kawai ya je yi, lafiyayyen kare. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. Shi ya sa ma ɗaure masa baki tamau da igiya tun daga gida haɗari ne, a nemi takunkumi mai kama da kwando wanda zai iya buɗe baki a ciki.

Dakta Bilki: Allah ya saka Malam Yakubu. In ƙara a kan haki: a kare abu ne na yau da kullum, a kyanwa ba haka ba ne. Kyanwa in ta buɗe baki tana haki, ko zafi ya yi mata yawa, ko tsoro ya kai maƙura, ko akwai matsala a ƙirji. Maman Iman in kin ga haka a hanya ki tsaya a inuwa, ki ɗaga mayafin iska ta shiga, kuna isa ki faɗa a shigar da ku ba layi. Shi ya sa nake cewa a yi sammako, kafin rana ta buɗe kuma kafin benci ya cika.

Sadiku Mai Tattabara: To wai ba za a ɗan ba ta wani abu ta yi barci ba? Rabin Panadol ko maganin mura na yara, ta farka ta ga an gama.

Dakta Bilki: Sadiku don Allah ka goge wannan kafin wani ya gwada! Farasitamol guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Magungunan mura da yawa kuma akwai shi a ciki. Akwai maganin da muke bayarwa a sha kamar awa 2 kafin a taho, gabapentin, yana taimaka wa masu tsananin tsoro sosai. Amma likita ne zai auna nauyinta, ya san lafiyar ƙodarta, ya faɗi adadi. Ba zan rubuta adadi a nan ba ko an roƙe ni.

Sadiku Mai Tattabara: Tuba nake Dakta. Na bar shi dai don a ga amsarki a ƙasa.

Hajiya 'Yar Maraɗi: Ni duk wannan wahalar ban gane ta ba. Mu likita muke kira gida. Yana zuwa duba tumaki da ragon layya, sai ya haɗa da mussa ya yi mata tata a tsakar gida, tana kwance a tabarmarta. Ba kwando ba mota.

Dakta Bilki: Hajiya hakan yana da kyau ƙwarai ga rigakafi da ƙananan abubuwa, ga manyan dabbobi ma shi ne daidai. Sharaɗi biyu. Ki tabbata likita ne na gaske, don masu yawo da jaka da sirinji sun yi yawa. A Najeriya hukumar VCN ce ke yi wa likitocin dabbobi rajista, ba laifi ba ne ka tambaya. Na biyu ki ga daga ina ya fito da allurar. Rigakafi a sanyi yake zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ko daga Vom ta jihar Filato aka yo shi, cibiyar da ke haɗa rigakafin dabbobi tun 1924, in ya wuni a aljihun babur cikin rana ya tashi daga aiki, kin biya kuɗi kina zaton an kare ki. Sai a kula da ƙanƙara a cikin kula, a kuma karɓi kati. Amma gwajin jini, hoto, tiyata, dole sai an je. Gara ta saba da kwandon tun tana lafiya.

Maman Iman: Na gode ƙwarai jama'a. Tambaya ta ƙarshe Dakta, in ba ta abinci kafin mu fita?

Dakta Bilki: Kaɗan, ko ki jinkirta na safen, don kada ta yi amai a hanya kuma ta karɓi ɗan kifin da za ki riƙe mata a can. Ruwa kam kada a hana. In ranar tiyata ce likita zai faɗa miki awa nawa za ta yi ba ci. Ki ɗaure murfin da igiya, ki rungumo kwandon ta ƙasa, kada ki riƙe shi a hannu ɗaya yana lilo. Don naki kwanciyar hankalin kuma, ki kira ki ji kuɗin tun a gida, ki ɗauki katinta, ki rubuta tambayoyinki a takarda. Mutum in ya ruɗe a gaban tebur komai mantawa yake. In akwai wani abu da take yi a gida, tari ko ɗingishi, ki ɗauka a waya, don a gabana ba za ta yi ba.

Isa Mai Riƙo: Kuma Hajiya a bar yaran a gida. Mutum ɗaya ya isa.

Maman Iman: Salam 'yan gida, na dawo da rahoto. Kwana 4 na farko ko kallon kwandon ba ta yi ba, kifin ma Iman na kama tana cinyewa. Rana ta biyar da asuba na fito alwala na tarar da ita a ciki ta naɗe a kan zanin. Ban ce komai ba na wuce. Jiya muka je, ƙarfe 8 muna can, mu ne na biyu. A hanya ta yi kuka, ba zan ɓoye ba, tun daga kan titinmu har muka wuce gada, amma ba irin na ranar ba, kuma ba fitsari. Na roƙi likitan ya yi mata a cikin kwandon, ya ɗan dube ni ya yi dariya, ya ce wa ya koya min, sannan ya sa aka kawo tawul. Ta yi huci sau ɗaya. Kifin da na kai mata ko shinshinawa ba ta yi ba. Da muka dawo ta shige ƙarƙashin gado har la'asar, da daddare sai na ji nauyi a ƙafata.

Isa Mai Riƙo: Hannun yaron fa?

Maman Iman: Lafiya lau Malam Isa, ko ƙwarzane babu. Shi ne ma ya gane ni, ya ce "Hajiya mai buhu ce?"

Baba Na-Fagge: Kwandon nan nawa kika saya, kuma a wace kasuwa? Ba don ni ba, jikata ce ta tsinto wata 'yar baƙa a bakin masallaci ta ƙi rabuwa da ita.